Kawuna Mai Saita Kabureta da Tafin Hannu

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu komawa. Ya rasu da hantsi a tsakiyar daminar bana, a gidansa na Anka, bayan tarin nan da ya daɗe yana cin ƙirjinsa ya kwantar da shi. Yayan mahaifiyata ne, bakaniken babura ne, kuma ban san yadda zan rubuta ta'aziyyarsa ba tare da na faɗi halin da ya bar ni a ciki ba. Ku yi mini haƙuri idan kukana ya yi yawa.

Ban taɓa ganin zaman makoki mai warin fetur irin nasa ba. 'Yan kabu-kabu na tasha suka ajiye aiki, suka jera baburansu har bakin masallaci, suka zauna a ƙasa da kayan aikinsu. Wani dattijo ya taso tun daga Gummi, ya zauna a ƙarshen tabarma har aka yi la'asar. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Tare munka koyi aikin ga. Ni nab bari, shi bai bari ba." Ya saka takalmansa ya tafi.

Wani tsohon Bafulatani daga wajen Gwashi ya iso da ɗan ƙunshi a hannu. Bai ji labarin rasuwar ba, ranar kasuwa ce ta kawo shi kamar kullum. Da ya ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida sai ya tsaya cak. Aka gaya masa. Ya kwance ƙunshin, gashin wutsiyar saniya ne a ciki, an wanke shi, an ɗaure da zare. Ya duba mu ɗaya bayan ɗaya.

"To wanga hwa, wa za ni ba?"

Akwai kuma wani baƙo mai haƙar zinari da ya ce Kawu ya taɓa korar shi da sifana don ya kawo masa injin niƙan dutse, amma washegari ya gyara masa babur ya ƙi karɓar ko sisi. Yana ba da labarin yana dariya, hawaye suna zuba cikin gemunsa.

A cikin gida Inna, mahaifiyata, ta ƙi yin kuka. Mata suna ta ba ta haƙuri, ita kuwa ido a bushe. Da na shiga na durƙusa gabanta, abin da ta fara ce mini shi ne, "Tasoshina nawa mutumin ga yal lalata mani?" Daga nan bakinta ya karkace, ta kifa kai a cinyar matar Kawu, aka rasa mai rarrashin wani.

Ni kuwa ina zaune a waje ina amsa gaisuwa, ana cewa Allah ya jiƙansa ina cewa amin, zuciyata tana kan babur ɗina da ke jingine a rumfar aikinsa. Kada ku ce ba ni da imani. Bari in gaya muku dalili.

Ina da ɗiya guda. Tana goye a bayan uwarta shekarar da gubar dalma ta shigo ƙauyukanmu na bayan Dareta, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gida, mata suna shanya garinsa inda suke shanya tsaba. Mun binne yara da yawa, ba zan ƙirga ba. Tawa ta tsira, amma ba duka ba. Yau ta isa budurwa a jiki, maganarta kuwa ta ƙaramar yarinya ce, kuma tana da ciwon jijjiga. Yawanci idan ya tashi yakan sake ta kafin ruwa ya tafasa. Wani lokaci kuma ya ƙi saki, ta sandare, leɓenta ya yi baƙi, kuma babu abin da ke kwantar da shi sai maganin da ake yi mata ta jijiya a asibitin Anka. Ma'aikatan sun gaya mini tun da daɗewa cewa irin wannan dogon tashin, jinkiri ne ke kisa.

Tsakaninmu da Anka babu mota. Akwai hanyar babur, da fadama guda, da kwazazzabo, da ɓarayin daji. Duk wanda ya hau sabon babur a hanyar nan ya san da ransa yake ciniki, don sabon babur shi ne abin da suka fi so, kuma ba kullum suke barin mai shi ya dawo a ƙasa ba. Shi ya sa Kawu ya ba ni tsohon. Babur ne na zamanin da, mai fistin biyu, kabureta biyu, salansa biyu, nauyi kamar ɗan maraƙi. Wani malamin dabbobi na Bukkuyum ne ya fara hawansa tun ban san kaina ba. Fentinsa ya koɗe, Kawu ya hana a sake shi. Ɓarayin sun taɓa tare ni a kansa, suka zagaya shi, ɗayansu ya buga tankin da gindin bindiga ya yi dariya, suka ce in wuce. Muninsa ne ya cece mu, kuma ƙarfinsa ne ke ɗaukar mu uku, ni a gaba, yarinya a tsakiya, uwarta a baya tana riƙe da ita.

Amma babur mai kabureta biyu yana da sharaɗi. Dole su biyun su buɗe tare, su sha mai daidai, su ja iska daidai. Idan ɗaya ta riga ɗaya, injin ya yi ta rawa, ya ci filogi, ya mutu a inda ba a so. Kawu yakan ce shanun huɗa ne, idan guda ya yi gaba guda ya tsaya, kunyar gona ba za ta miƙe ba. A duk faɗin Anka, Bukkuyum har Gummi, shi kaɗai ya rage da ya iya daidaita su.

Na sha zama a kan tsohuwar taya ina kallonsa yana aikin. Ba ya farawa sai ya share wurin, ya shimfiɗa farin buhu, ya ajiye tasa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Abin da ya fito daga kaburetar dama ba ya taɓa shiga tasar hagu, ko da dunƙulen noti ne. Tasoshin nan su ne asalin rigimarsa da Inna. Tun suna matasa yake lallaɓawa ya ɗauke mata waɗanda cikinsu fari ne, wai a cikinsu ne kaɗai yake ganin ƙananan kaya. Ta taɓa bin shi har rumfa, gaban masu gyara, ta zubar da fetur ɗin da kayan duka a ƙasa ta ɗauke tasarta. Ya yini yana tace yashi da rariya. Suka yi wata ba su gaisa ba, sai ranar salla ya aika mata da sabbin tasoshi, ya sa aka ce mata aro ne.

A cikin kowace kabureta akwai wani ƙarfe da ke ɗagawa idan an murɗa totur, ya ba iska hanya. Kawu yana kiransa ƙyaure. A ƙasansa akwai siririyar allura da ke shiga cikin jet, wato ɗan ramin da mai ke bi. Shekaru suna cin waɗannan abubuwa. Allura ta goge, rami ya faɗaɗa, ƙyaure ya yi sako-sako yana kaɗawa. Sababbi babu su a kasuwa, an daina yi tun tuni. Saboda haka Kawu ba ya canzawa, lallashi yake yi. Ta hagu ta fi cinyewa, don can babur ke jingina idan an ajiye shi, datti ya kwanta a can. Ta dama kuma ƙyaurenta ke shan iska. Sai ya yanko ɗan zobe daga gwangwanin madara, siriri kamar ɓawon albasa, ya sa a wuyan allurar dama don ta ɗan ɗaga. Ya naɗa zare da sabulu a bakin murfin don ya toshe iskar. Kowace da irin tsufanta, kowace da irin maganinta.

Idan jet ya toshe, sauran bakanikai sukan zaro waya daga tsohon kebur su zura. Kawu idan ya ga haka sai ya hau faɗa.

"Kai, mahaukaci! Ƙarhe cikin tagulla? Yau ka buɗe shi, gobe ka ƙara mai hwaɗi, jibi ka ce babur na shan mai. Kai ka shan mai!"

Shi da gashin wutsiyar saniya yake bi, a hankali, sannan ya sa baki ya hura, ya ɗaga ramin ya leƙa rana ta ciki. Na tabbata wannan hurawa da tsotson fetur na shekara da shekaru su suka ci masa ƙirji. An gaya masa, ya ce to da me zai hura, da kunne?

Daidaitawar kuwa iri biyu ce. Kafin ya tada injin, sai ya karyo tsinken tsintsiya biyu tsawo ɗaya, ya sa kowanne a ƙarƙashin ƙyaurensa, kawunansu suna leƙowa waje. Ya ce in murɗa totur a hankali. Idan kawunan tsinken suka sunkuya tare, to. Idan ɗaya ya riga, sai ya taɓa kebur ɗin kaɗan, ya ce sake. Muna iya yin haka har a kira azahar. Wannan kam na koya.

Na biyun ne ya gagare ni. A da da kunne yake yi, ya cire hular filogi ɗaya ya saurari fistin guda shi kaɗai, ya mayar ya cire ɗayar. Da kunnensa ya yi nauyi sai ya koma tafin hannu. Ya tada injin ya bar shi a silo, yana aiki a hankali ba a murɗa totur ba, ya tsuguna a baya, ya buɗe hannuwansa biyu a bakin salansa biyu, ya rufe ido. Hayaƙi yana bugun tafinsa, shi yana gyaɗa kai kamar mai sauraron karatu. Can sai ya miƙa hannu ya juya sukuru ɗan abin da ido ba ya gani, ya koma ya tsuguna. Ya sha kama hannuna ya ɗora a wurin.

"Ka ji? Ta hagu na tsalle."

"Kawu, zahi ɗai nika ji."

"Allah shi sawwaƙe. Hannun ga na riƙon hauya na."

A nan ne ni ma nake da ƙorafi a kansa, kuma mutuwa ba za ta hana ni faɗa ba. Kawu ya yaye bakanikai da yawa. Yau manyan mutane ne masu rumfunan kansu, wasu da furfura. Amma sun zo hannunsa lokacin da irin wannan babur ya ƙare, ya rage sai ƙananan nan masu kabureta guda da idan ta gaji ake jefarwa a sayi wata. Nawa shi ne na ƙarshe mai biyu da ke tafiya, kuma Kawu bai taɓa barin ɗayansu ya sa masa sukundireba ba. Idan na kawo shi sai ya aike su sayen goro. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Na ce Kawu, rai na Allah ne, koya wa babban cikinsu. Ya ce koyo da kuskure ake yin sa, kuma ba zai bari a yi kuskure a kan motar amaryarsa ba.

Amaryarsa ita ce ɗiyata. Wasan kaka da jika ne, amma shi ya riƙe shi da gaske. Mutane da yawa idan sun gan ta sai su yi magana da ni a kanta kamar ba ta wurin. Shi kuwa da zarar mun iso zai ajiye sifana ya ce, "Amarya ta zaka! Ina tuwona?" Ita kuma ta tura baki ta ce ba ta son tsoho mai baƙin hannu. Ya ce to a maido masa sadakinsa. Sai ya zaunar da ita a kan farin buhun, inda ba a yarda kowa ya taka ba, ya ba ta tasar dama ta riƙe. Tun shekarar dalma bai sake taɓa injin niƙan dutse ba, ko na wane ne. Ban taɓa jin ya yi wa kowa bayanin dalili ba.

Gyaran ƙarshe da ya yi mini, ba ya iya tsayuwa. Farkon damina ne, na kawo yarinya karɓar magani, na shiga gaishe shi. Daga kan gado ya ce ya ji shigowata, babur ɗin na ɗingishi. Yadda kurma ya ji, ban sani ba, wataƙila ta ƙasa ya ji. Matarsa ta ce ba inda za shi. Ya ce a fitar da shi ko ya rarrafa. Muka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na kwance masa kaburetocin na ajiye a tasoshinsa. Hannunsa yana karkarwa har zoben gwangwanin ya faɗi sau biyu. Da muka tada injin hayaƙi ya shaƙe shi, ya yi tari har ya kifa, amma bai janye hannuwan ba sai da ya gama. Ya jingina da ginshiƙi yana haki.

"Wanga shina kai ka har kaka, in ba a taɓa ba. Ka tace mai da ƙyalle. Kak ka bari kowa shi buɗe ta. Ka ji ni?"

"Na ji, Kawu. To bayan kaka hwa?"

Ya ce in miƙo masa ruwa.

Da labarin rasuwar ya iske mu, a kan babur ɗin muka zo mu uku, yana tafiya sumul. Na jingina shi a rumfar, na shiga hidimar jana'iza da zaman makoki. Ni ne babban namiji a 'ya'yan 'yan'uwansa, ba ni da damar tashi daga tabarma. Ban san abin da ake shiryawa a rumfar ba.

Ashe yaransa na da, bakanikan da ya yaye, sun yi shawara. Sun ce ba su da shanu ko buhunan gero da za su yi masa sadaka, abin da suke da shi hannu ne. Suka yanke cewa duk babur ɗin da Kawu ke dubawa za su gyara shi kyauta, ladan ya je masa. Kuma suka ce da wanne za a fara in ba wanda ya fi so ba.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, babban cikinsu ya zo ya tsuguna gabana ya ce in taso in ga wani abu. Na iske babur ɗin a tsakiyar rumfa, an wanke shi fes, su kuma sun kewaye shi idanunsu jajur. Kaburetocin biyu suna ƙyalli.

"Mun yi mai sabis na gaske," in ji babban nasu. "Tsoho ya tsuhwa, Allah shi gahwarta mai, hannunai bai kai ba. In ka ga dattin da munka hiddo! Zare, sabulu, har da guntun gwangwani. Jet duk munka bi su da waya, yanzu mai na wucewa sosai."

Na duba ƙasa. Tasa guda ce a wurin, babba, har yanzu da baƙin fetur a cikinta. A nan suka zuba kayan dama da na hagu tare.

Wallahi na so in yi ihu. Na so in kama wuyan rigarsa. Amma gidan mutuwa ne, mutane suna kallo, kuma mutumin nan yana kuka ne saboda ya yi wa maigidansa abin da yake ganin alheri. Na ce Allah ya ba da lada. Da bakina na faɗa. Sannan na durƙusa na fara tona yashin rumfar da yatsuna ina neman zoben gwangwani, su suna tsaye suna tambayata abin da ya faɗi.

Da na yi masa bayani sai ya zauna daɓas a ƙasa. Bai yi musu ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, don ba a taɓa nuna masa ba. Muka kwana biyu muna fama. Muka sauya allurai, muka mayar, muka yanko zobe daga gwangwani har kala nawa. Na yi aikin tsinken tsintsiya, kawunan suka sunkuya tare. Amma ramukan an riga an faɗaɗa su, kuma ba mu san wace allura ce ta wane gida ba. Injin yana tashi, ya yi gudu idan an ba shi wuta, a silo kuwa sai ya yi ta kakari yana fitar da baƙin hayaƙi ta gefe guda. Muka tsuguna a bayansa mu biyu, manyan banza, hannuwa a bakin salansa, muna kallon juna. Ya ce in ɗauki sabon babur ɗinsa in tafi da shi. Na ce ya san hanyarmu. Ya sunkuyar da kai.

Muka koma gida a haka, don gona ba ta jira. Na cika aljihu da filogi, ina roƙon Allah ya sa ciwon ya yi mana nisa.

Bai yi nisa ba. Wata safiya, gero ya fara fitar da kai, ina gona uwarta ta ƙwala mini kira irin wanda na sani. Na iske yarinyar a ƙasa kusa da turmi, an juya ta gefe, ƙafafunta suna bugun ƙasa. Muka jira ya saki, ya ƙi. Na buga babur ya tashi, muka ɗora ta, muka kama hanya. A tudu ya yi ƙoƙari. Amma fadama ba a shigarta da gudu, dole ka sassauta ka bi laka a hankali, kuma a nan ne ake bukatar injin da ke riƙe silo. Ina sassautawa ya yi tari sau biyu ya mutu, ruwa har idon sawu.

Na buga, na sake bugawa. Na cire filogi, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Na sa sabo, ya tashi, na saki kuloci ya sake mutuwa. Na yi ta bugu har takalmina ya tsinke, ƙarfen bugawar ya yanke mini dunduniya, ban ma ji ba. Uwarta tana zaune a kan tudun ciyawa da yarinyar a cinya tana goge mata kumfa da gefen zane. Sai na ji kaina ina kiran Kawu da ƙarfi a cikin fadamar nan da babu kowa, ina cewa ya zo ya ga abin da aka yi masa.

Uwarta ta ce, "Bar bawan Allah shi kwanta. Zo ka ɗauke ta."

Na goya ta kamar jaririya, ƙafafunta suna jan ruwa. Ban san nisan da muka yi ba kafin muka haɗu da wani makiyayi da amalanken shanu, ya zubar da itacensa a bakin hanya ya ɗauke mu. Shanu ba sa sauri don ɗiyarka na mutuwa. Rana ta take tsaka kafin muka shiga Anka.

Ta rayu. Na gode wa Allah, na kuma gode wa waɗanda suka tsaya a kanta. Amma hannunta na dama ya daina riƙe cokali, kuma kalmomin da take da su sun ragu. Ma'aikaciyar da ta sallame mu ta ja ni gefe ta ce kada in sake bari ya daɗe haka, jikin ba zai ɗauki na biyu ba. Na ce to.

Yanzu a rumfar Kawu muke kwana. Matarsa ta ba mu, muka kewaye da zana. Yaransa sun je da kansu sun turo babur ɗin daga fadama, ga shi nan a gefena. Babban cikinsu yana zuwa kullum bayan la'asar ya kwance ya ɗaura, ya tafi ba ya iya kallon idona. Gerona ya nuna a ƙauye, tsuntsaye suna ci. Idan na kwashe iyalina muka koma, na mayar da yarinyar inda ba zan iya fito da ita ba. Idan muka zauna, ban san abin da za mu ci da rani ba.

Kawu, Allah ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa hannuwan nan naka da ba su taɓa yin fari ba su karɓi sakamako da dama. Ka riƙe mu iyakar ƙarfinka, har da numfashin da ba ka da shi. Na yafe maka rowar da ka yi da saninka, na san tsoro ne ya sa ka, kai ma ka yafe mana abin da muka yi wa aikinka.

Ku kuma da kuka karanta, ba addu'a kaɗai nake roƙo ba. Ba zai yiwu a ce duk ƙasar nan shi kaɗai ne ba. Wataƙila a wani lungu na Gummi, ko gaba da nan, akwai wani tsoho da ya daina aiki, yana zaune a ƙofar gida, wanda ya taɓa daidaita kabureta biyu a zamaninsa, irin dattijon nan da ya zo makoki ya tafi ban tambayi sunansa ba. Ko ba ya gani, ko ba ya tafiya, ni zan je in goyo shi. Ku tambayi kakanninku, ku tambayi tsofaffin tasha. Duk wanda ya ji labarinsa ya gaya wa 'yan kabu-kabun Anka, sun san inda nake. Ku yi sauri don Allah. Jiya da yamma na ga yatsun yarinyar sun fara rawa.